Asuba a Bakin Tafkin Tabalak

Ƙarfe huɗu da rabi. Ladan bai gyara murya ba,
tafki na fitar da farin numfashi
kamar saniyar da ta kwana a fili.
Na fito da yatsu goma, babu mai jin maganata.

Ga ta can gindin bagaruwa, akori-kurar Alhaji Nomau,
sabuwa fil, ko ledar kujera ba a ɓare ba.
Na rufe mata hanci da bargon ɗakinmu.
Tsahara ta ce da dare:
"Ƙarfe ya sami bargo, ɗan mutum ya sami tari."
Ban amsa ba. Me zan ce?

Zamanin Tankari maigidana, Allah ya kai haske kabari,
ba a lallashi.
Kaskon garwashi ƙarƙashin inji,
shayi zubi ɗaya,
sai ya daka wa samarin tasha tsawa: ku tura!
Tsohuwa ta gangara, ta yi tari uku, ta tofar da baƙi,
ta kama hanyar Tawa tana zagin kowa.

Wannan ba a kai mata wuta.
Cikinta wayoyi ne birjik kamar ƙayar kifi.
Tana da ƙwaƙwalwa, in ji yaron garaji,
in ka firgita ta sai ta kulle baki
har a zo da na'ura daga Yamai a tambaye ta laifin wa.

Shi ya sa nake bin ta a sannu.
Na ɗaga murfi. Kan batir ya yi farin gishiri,
na kankare da wuƙar masunta, na ƙara ɗaurewa.
Na sassauta ƙusar gindin matatar gazuwal,
ruwa ya ɗiga, ɗigo bakwai na ƙirga,
tsarabar man kwalba da na saya a Abalak.
Araha ba ta ado, na sani, na sani.

Na shiga. Rediyo kashe, manyan fitilu kashe,
kada kowa ya sa hannu a akushin batir.
Makulli rabin juyi.
Sai ga 'yar fitila rawaya,
murɗaɗɗiya kamar tana a bakin ƙugiya,
tana cewa: ana hura wuta a ciki, dakata.

Nan gurin ne direbobi ke faɗuwa.
Ba a rairayin Ibesetan ba, ba a ramukan kwalta ba,
nan, tsakanin juyi da juyi,
inda hannu ke ƙaiƙayi.

Inna Ramma ta ƙwanƙwasa gilashi da zobe,
kwando tara na karfasa a bayanta, biyu na tarwaɗa:
"Asumana! Kifi bai san an yi sanyi ba in rana ta fito!"
Na ɗaga mata yatsa ɗaya.

Fitila ta mutu. Ban tayar ba.
Na mayar da makulli, na sake kunna ta,
don sanyin yau na sau biyu ne.
Na ji famfo na ƙus-ƙus can ƙasa
kamar mai wuridi.
Ta sake mutuwa.
Bismilla.

Gur. Gur-gur.
Ta yi shiru kamar mai tuna sunana,
sannan ta kama.
Farin hayaƙi ya bi kan ruwa ya gauraya da na tafki.

Ƙafata na son totur, na hana ta.
Bari mai ya zaga, ya gaida kowane ƙarfe a ɗakinsa,
ba a tashin mai barci a ce masa ruga.
Tankari bai taɓa jiran komai ba a duniya,
har likita bai jira ba.
Ni mota ce ta koya mini.

Ana loda kwanduna, ladan ya kira.
Na bar bargon a kan murfi har allura ta motsa,
na naɗe shi da ɗuminsa, da warin gazuwal,
na ruga gida kafin a tada iƙama,
na shimfiɗa wa Idi a ƙirji.
Bai farka ba.
Tsahara ta buɗe ido ɗaya, ta rufe.